Dartmoor: Dajin Da Ake Farautar Akwatin Da Ba Kuɗi A Cikinsa

A kudu maso yammacin Ingila, cikin lardin Devon, akwai wani babban tudu da ake kira Dartmoor, wanda faɗinsa ya kai murabba'in mil 368. Tun cikin 1951 gwamnatin Birtaniya ta sa shi cikin jerin wuraren da aka keɓe domin jama'a su riƙa zuwa shan iska. Sunansa daji, amma itatuwan cikinsa ba su taka kara sun karya ba. Iyakar ganin mutum ciyawa ce da fadamu da tarin duwatsu, sai tumaki da shanu da ƙananan dawakai suna kiwo ba makiyayi a bayansu.

Duk wanda ya je wurin ranar hutu zai tarar da wani abin mamaki. Zai ga dattawa da matan aure da 'yan makaranta sun durƙusa a gindin duwatsu, wannan yana leƙa kogo, wancan yana zura sanda cikin tsaga, wani kuma ya ƙura wa wayarsa ido yana taku ɗai-ɗai. Baƙo zai zaci wani abu suka yar. Alhali kuwa farauta suke yi, abin farautar kuwa ɗan akwati ne wanda wani mutum da ba su taɓa gani ba ya ɓoye musu. In sun same shi ba za su tarar da kuɗi ba, ba kuma za su tafi da shi gida ba. Za su rubuta sunansu a ɗan littafin da ke ciki, su mayar da shi daidai inda suka ɗauko, su yi gaba. Shekara fiye da 170 ke nan ana wannan wasa a Dartmoor, kuma abin da ya riƙe shi har yau shi ne amana.

Hanyar Zuwa

Matafiyin da ya taso daga Landan zai shiga jirgin ƙasa a tashar Paddington, cikin sa'a biyu da 'yan kai ya sauka a birnin Exeter. Daga nan akwai wani jirgin da zai kai shi Okehampton, garin da ke gefen arewacin dajin, cikin kamar minti 40. An daina ɗaukar fasinjan yau da kullum a wannan hanya tun 1972, sai cikin watan Nuwamba na 2021 aka sake buɗe ta. Wanda kuma ya fi son shiga ta kudu sai ya zarce birnin Plymouth na bakin teku, ya nemi mota daga can.

Da zarar mutum ya haura daga Okehampton, abin da zai fara cika masa ido shi ne tarin duwatsun nan da mutanen wurin ke kira "to". A kan kusan kowane tudu akwai guda, falale bisa falale kamar wani ƙato ne ya jera su da hannu, alhali ruwa da sanyi da iska ne suka sassaƙe su cikin dubban shekaru. Sun fi 160, kowanne da sunansa. Wuri mafi tsawo shi ne High Willhays, mai ƙafa 2,039 daga bakin teku, kuma babu tudun da ya kai shi a duk kudancin Ingila.

A tsakiyar dajin akwai garin Princetown, wanda ya yi suna saboda kurkukunsa. An gina kurkukun tsakanin 1806 da 1809 domin tsare sojojin Faransa da aka kamo a yaƙin Napoleon, daga baya aka zuba na Amurka da aka kamo a yaƙin 1812. Waɗanda suka zaɓi wurin sun san abin da suke yi, gama fursunan da ya tsallake katanga sai ya tarar da wata katangar ta hazo da laka tana jiransa. Cikin 2024 aka kwashe fursunonin da ke ciki saboda wata iska mai cutarwa da ke fitowa daga dutsen da aka yi ginin a kansa.

Can gabas kuma akwai kufan Grimspound, inda har yau ake ganin harsashin bukkoki 24 na dutse cikin kewaye guda, waɗanda mutane suka zauna fiye da shekara 3,000 da suka wuce. A ƙauyen Postbridge akwai tsohuwar gada wadda aka yi da manyan falalen duwatsu kawai, aka shimfiɗa su bisa ginshiƙai, inda a da dawakai ke ƙetarewa da kaya. Waɗannan su ne wuraren da motocin 'yan yawon buɗe ido suka saba tsayawa. Masu farautar akwati kuwa daga nan tafiyarsu take farawa.

Kwalbar Perrott

Asalin wasan yana komawa ga wani mutumin garin Chagford mai suna James Perrott, wanda sana'arsa ita ce yi wa baƙi ja-gora cikin dajin. Cikin 1854 ya tara 'yan duwatsu a wani wuri da ake kira Cranmere Pool, ya ajiye kwalba a ciki, domin duk wanda ya iya kai kansa wurin ya jefa katin sunansa ya zama shaida. A zamanin nan kai wa Cranmere Pool abin alfahari ne, domin yana can tsakiyar fadamun arewa, tafiyar yini guda ce zuwa da dawowa, ba hanya ba burtali.

Wanda ya ji sunan wurin zai zaci wani babban tafki ne. In ya isa sai ya tarar da ɗan kwari mai laka, wanda ba ya tara ruwan kirki sai an yi ruwan sama mai yawa. Mutanen yankin suna da tatsuniya a kan haka. Sun ce wai kurwar wani tsohon magajin garin Okehampton ce aka yanke wa hukuncin kwashe ruwan tafkin da rariya. Ko mene ne dalilin, daga kewayen wannan kwari ne manyan kogunan lardin suke tasowa, kamar su Dart wanda dajin ya samo sunansa daga gare shi, da Taw, da Okement.

A kwana a tashi kwalba ta zama gwangwani, aka ƙara da littafin sa hannu cikin 1905, sa'an nan cikin 1937 aka gina ɗan akwatin dutse wanda yake nan har yanzu. Wata al'ada kuma ta taso. Mai zuwa sai ya rubuta katin wasiƙa da adireshin gidansa, ya manna kan sarki, ya bar shi a akwatin. Wanda ya zo bayansa, ko bayan kwana uku ne ko bayan wata guda, shi zai ɗauki katin ya kai gidan waya. Ba wanda ya ɗora masa wannan aiki, ba kuma wanda zai tuhume shi in ya ƙi. Daga nan ne aka sa wa abin suna wasan akwatin wasiƙa.

An daɗe akwatunan ba su da yawa. Cikin 1938 aka kafa wani a Duck's Pool, can kudancin dajin, domin tunawa da William Crossing, marubucin da ya wallafa littafin ja-gorar Dartmoor cikin 1909. Cikin 1976 aka buga wata taswira mai nuna akwatuna 15, daga nan fa sai abin ya bunƙasa, kowa ya shiga ɓoye nasa, har suka kai dubbai. Kowane akwati yana da hatiminsa na roba, mai farauta kuma yana yawo da nasa hatimin da tawada da littafi. In ya sami akwati sai ya buga hatimin akwatin a littafinsa, ya buga nasa a littafin akwatin. Wanda ya tara hatimi 100 ya cancanci shiga ƙungiyar masu ɗari. Bisa al'ada masu wasan sukan taru sau biyu a shekara, a ranakun da ake canja agogo cikin Maris da Oktoba, su yi musayar alamun da ake bi a gano akwatunan. Alamun kuwa na kamfas ne da taku: ka tsaya inda za ka hangi dutse kaza ta kusurwa kaza, sa'an nan ka yi taku goma sha biyu wajen yamma.

Sa'ad Da Taurarin Ɗan Adam Suka Shigo

Ƙanen wannan wasa, wanda ya fi shi yaɗuwa a duniya, a Amurka aka haife shi. Rundunar sojan Amurka tana da taurarin ɗan adam, ba su kasa 24 ba, suna kewaya duniya a nisan kamar kilomita 20,000, suna aiko da saƙo. Na'urar da ta kama saƙon huɗu daga cikinsu za ta iya lissafa inda take a bayan ƙasa. Wannan tsari shi ake kira GPS. Amma a da, da gangan sojoji ke gurɓata saƙon da farar hula ke kamawa, har na'ura takan yi kuskuren mita 100. A farkon watan Mayu na 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umurni a daina gurɓatawar, dare ɗaya kuskuren ya sauko zuwa wajen mita 10.

Ran 3 ga watan, wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya so ya gwada ko da gaske ne. Ya ɗauki baƙin bokiti, ya zuba littattafai da kaset na bidiyo da 'yan kuɗi da gwangwanin wake da ɗanƙon harbi da littafin sa hannu, ya kai shi jeji kusa da Beavercreek a jihar Oregon. Sa'an nan ya sanar da lambobin wurin ta intanet, ya kafa doka ɗaya tak, cewa wanda ya ɗauki wani abu ya bar wani abu. Cikin 'yan kwanaki aka gano bokitin. Kafin watan ya ƙare an raɗa wa wasan suna jiyokashin, watau ɓoye ajiya a wani wuri na bayan ƙasa. Cikin Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe Geocaching.com da ajiya 75. Yanzu sun haura miliyan 3, a ƙasashe fiye da 190.

Yadda ake yi ba wuya. Mutum zai sa manhajar wasan a wayarsa, ta nuna masa ajiyar da ke kusa, da lamba daga 1 zuwa 5 mai faɗin wahalar ganowa, da wata lambar mai faɗin wahalar hanya. Waya za ta kai shi kusa, sauran aikin kuma na ido ne da haƙuri. Wata ajiyar ba ta fi kan ɗan yatsa ba, wata kuwa ta kai akwatin harsashi. A cikin manya akan sami 'yan kayan wasan yara da maɓallai da kwabbai na ƙasashe. Akan kuma sami wani ɗan ƙarfe mai lamba, wanda mai shi ya sake shi domin ya yi yawon duniya. Wanda ya tsince shi zai ɗauke shi ya kai wata ajiyar, wataƙila a wata ƙasa, ya rubuta inda ya bar shi, mai shi kuma yana gida yana bin sawunsa. Katin wasiƙar Cranmere Pool ke nan ya dawo cikin sabuwar riga.

A Dartmoor wasannin biyu suna zaune tare. Ba abin mamaki ba ne mai neman ajiyar waya ya zura hannu ya jawo akwatin hatimi, ko mai bin kamfas ya ci karo da ajiyar waya. Ladabin da aka sani shi ne ya rufe ya mayar, kada kuma ya ɗauke hatimin da zaton kayan musaya ne, domin akwatin da aka raba da hatiminsa ya mutu.

Amfanin Abin Ga Matafiyi

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne ribar mutum ya biya kuɗin jirgi ya tafi wata ƙasa neman gwangwani? Amsar tana ga wanda ya ɓoye. Yawancin masu ɓoye ajiya 'yan gari ne, kuma mutum ba ya wahalar da kansa ya kai akwati wurin da bai ƙaunata ba. Wani zai ajiye nasa kusa da tsohon ramin haƙar kuza, wani kusa da gicciyen dutse da ke nuna tsohuwar hanyar matafiya, wani a inda ake hangen teku in gari ya waye sarai. Tare da lambobin wurin yakan rubuta tarihin abin da ke nan. Saboda haka baƙon da ya bi ajiya biyar a yini ɗaya, 'yan gari biyar ne suka kama hannunsa suka nuna masa abin da direban motar yawon buɗe ido ba zai tsaya a kansa ba. Da ɗan gari akan ci gari, ko da kuwa ba a ga fuskarsa ba.

Waya Ba Ta San Laka Ba

Amma fa Dartmoor ba wurin wasa da rai ba ne. Kibiyar da ke kan waya miƙaƙƙiyar hanya take nunawa, ba ruwanta da abin da ke tsakani. Abin da ke tsakani kuwa sau da yawa fadama ce wadda gansakuka ya rufe, kore shar kamar darduma, sai mutum ya taka ya ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashinsa, ya nutse har gwiwa ko har ƙugu. Irin wannan fadama ce Arthur Conan Doyle ya sa a littafinsa na The Hound of the Baskervilles wanda ya fito cikin 1902. Ruwan saman da ke sauka a Princetown a shekara ya kusa inci 80. Hazo kuma yakan sauko cikin 'yan mintoci, har mutum ya kasa ganin dutsen da ya baro yanzu. Sanyi yana shanye batirin waya, kuma akwai kwaruruka da yawa da ba a samun layi. Don haka masu ceto, waɗanda 'yan sa kai ne, kullum gargaɗinsu shi ne a riƙe taswirar takarda da kamfas, a kuma iya aiki da su, a sa takalmi mai ƙarfi da rigar ruwa, a faɗa wa wani inda aka nufa da lokacin dawowa.

Ƙoramun dajin ma abin tsoro ne bayan ruwan sama. Tun 1960 sojoji ke shirya gasar Ten Tors cikin watan Mayu, inda matasa 2,400, shida-shida, ke takawa mil 35 ko 45 ko 55 cikin kwana biyu. Cikin Maris na 2007 wata yarinya 'yar shekara 14 ta rasu a wata ƙorama da ta cika sa'ad da take horon shiga gasar, kuma a watan Mayun shekarar sai da aka tsai da gasar a tsakiya saboda ambaliya.

Akwai kuma batun sojoji. Arewacin dajin filin koyon harbi ne mai kashi uku, watau Okehampton da Merrivale da Willsworthy, kuma Cranmere Pool yana cikin na Okehampton. Ana sanar da ranakun harbi tun da wuri. In an ga jar tuta da rana ko jar fitila da dare, ba shiga. Mai laluben ƙarƙashin dutse kuma ya kiyaye, in ya ga wani ƙarfe da bai gane ba kada ya taɓa, gama yana iya zama tsohon harsashin da bai fashe ba. Da rani akwai kaska cikin ciyawa, akwai kuma kububuwar Turai, wadda ita kaɗai ce maciji mai dafi a Birtaniya. Shi ya sa tsofaffin 'yan wasa suke fara zura sanda kafin hannu.

Haƙƙin Masu Ƙasa

Ko da yake an keɓe Dartmoor domin jama'a, yawancin ƙasar tana da masu ita. Babban kaso na tsakiya gandun Yarima mai jiran gadon sarautar Ingila ne, manoma kuma suna da haƙƙin kiwo tun kaka da kakanni. Dokar 1985 ce ta ba jama'a iznin shiga makiyayar da ƙafa ko bisa doki. Har shari'a aka yi kan ko iznin ya haɗa da kafa tanti a kwana, sai cikin Mayu na 2025 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta yanke cewa ya haɗa.

Tun da a gonar wani ake wasan, dole a bi sharuɗɗa. Ba a haƙa rami a binne ajiya. Ba a sa ta cikin kufai ko katangar dutse, domin masu nema za su rushe abin da ya shekara dubbai a tsaye. Ba a sa abinci saboda dabbobi. A tsarin jiyokashin tilas a bar tazarar mita 161 tsakanin ajiya da ajiya, kuma akwai 'yan sa kai da ke duba kowace sabuwa kafin a sanar da ita. Daga Maris zuwa Yuli, lokacin da tsuntsaye ke ƙwai a ƙasa, tumaki kuma ke haihuwa, ana roƙon mutane su ɗaure karnukansu su kuma lura da inda suke takawa. Rashin lura yana da tsada ko a cikin gari. Cikin Yuli na 2011 a garin Wetherby da ke arewacin Ingila, an ga wani mutum yana ɓoye akwati a bakin titi, aka kira 'yan sanda, aka rufe kantuna, masu kwance bam suka zo suka fasa akwatin, ashe ajiyar wasa ce.

Duk da waɗannan sharuɗɗa, ba ɗan sanda ko mai gadi a kan ko ɗaya daga cikin akwatunan nan. Wanda ya buɗe akwati a tsakiyar Dartmoor shi kaɗai ne, daga shi sai tumaki. Yana iya kwashe abin da ke ciki, ko ya jefar da littafin cikin laka, ba wanda zai sani. Akan sami masu yin haka jefi-jefi, amma da sun yi yawa da wasan bai kai shekara biyu ba. Mafi yawa sukan share ruwan da ya shiga, su rufe murfin da kyau, su mayar da dutsen da ya kare shi, domin wani baƙo da zai zo bayansu daga wata ƙasa, wanda ba za su taɓa haɗuwa da shi ba.

Wanda Allah ya nufa da zuwa Ingila, in ya gaji da kantunan Landan, ya ware kwana biyu ya leƙa Devon. Ya duba ranakun harbi, ya nemi taswira da kamfas da alƙalami, ya kuma sa wani ɗan abu a aljihu wanda zai bari a madadin abin da zai ɗauka.